Yadda ake zaɓar kwalkwalin yaƙi irin na Turawan da, kar a sayar maka da gwangwani

Masu tallar kwalkwalin yaƙi irin na Turawan da sun cika intanet yanzu, za ka ga guda biyu sunansu ɗaya, a hoto ma kamar uwa ɗaya uba ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau goma ko fiye, sai mutum ya ce ai duk ƙarfe ne bari in ɗauki mai arahar. To araha dai ba ta ado. Abin da ke raba su ba sheƙi ba ne, siffa ce, ita kuma siffa ba ka gane ta sai idonka ya saba da na asali, waɗanda maƙeran Milan a Italiya da na Augsburg da Nuremberg a Jamus suka buga da hannu shekaru ɗari biyar ɗari shida da suka wuce. Saboda haka kafin ka tura wa kowa ko sisi, zauna ka yi kallo tukuna.

Kallon nan kyauta ne. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York a Amurka, da Wallace Collection a Landan, da Royal Armouries a garin Leeds na Ingila, duk sun zuba hotunan kayansu a shafukansu, kuma da yawa an rubuta shekara da garin da aka ƙera da nauyi. Ka zaɓi iri ɗaya da ya kwanta maka, ka sauke hotunan na asali kamar biyar ko shida a waya, musamman hoton gefe, don a gefe asirin masu kwaikwayo ke tonuwa. Daga gaba kowa na iya ruɗarka. Sai ka jera hoton ɗan kasuwa kusa da su ka duba inda tsinin kai ya faɗa, yadda ƙeya ta gangaro, inda tsagar ido take. Sannan ka yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya tak: wane na asali ka kwaikwaya, a wane gidan tarihi yake? Maƙerin kirki nan take zai faɗa maka, wani ma har lambar kayan zai turo. Wanda ya hau yi maka surutun wai na jaruman zamanin da ne gaba ɗaya, ka san shi ma bai sani ba.

Abu na biyu, ka faɗa wa kanka gaskiya me za ka yi da shi. In ajiyewa za ka yi a falo ko ofis don ado, ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 ya ishe ka. In sakawa za ka riƙa yi, ɗaukar hoto ko shirin fim ko wasan kwaikwayo, nemi milimita 1.5 zuwa 1.6, kuma a nan awo da shafin ciki sun fi komai muhimmanci. In kuwa irin wasan nan ne na Turai da ake dukan juna da takubba da gatura marasa kaifi, suna ce masa buhurt, to wannan wata duniya ce, ana maganar milimita 2 zuwa 2.5 ko fiye, kuma kowace ƙungiya da dokarta, su za ka tambaya ba ɗan kasuwa ba. 'Yan kasuwa sun fi son rubuta kauri da lambar geji, ita kuma a juye take, 18 ya fi 14 siranta, 18 kusan 1.2 ne, 16 kusan 1.6, 14 kusan milimita 2. Kai dai ka ce a faɗa maka da milimita, kuma a faɗa maka kaurin bayan an gama bugu ba kaurin fallen da aka fara da shi ba, domin in aka lotsa ƙarfe ya yi zurfi tsakiyar kai na ƙara sirancewa, wurin da kuma aka fi buƙatar kaurin kenan.

Yanzu bari mu shiga irin-irinsu, don kowanne da inda ake cuta a cikinsa.

Basinet mai bakin kare shi ne wanda yawancin mutane ke fara so, kuma ban ga laifinsu ba. Na wajen 1380 zuwa 1420 ne, irinsa ake sakawa a zamanin yaƙin Agincourt na 1415 tsakanin Ingila da Faransa, ƙoƙon kai mai tsini, da marufin fuska mai dogon baki da ya fito gaba don tsinin mashi ya zame ya wuce gefe. Waɗanda aka fi kwaikwaya sun fito ne daga fadar Churburg da ke tsaunukan arewacin Italiya, inda gida ɗaya suka adana kayan yaƙin kakanninsu ɗaruruwan shekaru ba a watsar ba, akwai kuma masu kyau a Wallace da Leeds. In kana duba na kwaikwayo fara da tsinin kai, a na asali ba a tsakiya cif yake ba, ya ɗan ja baya, gaban kuma ya kwanta a hankali. Na araha sai ka ga tsinin a tsaye a tsakar ka, ƙoƙon kuma ƙato don ya shiga kan kowa. Duba tsagar ido, a na kirki an turo leɓenta waje kamar ɗan akwati don abin da ya zamo daga baki kar ya faɗa ido, ba kawai a yanka rami a fallen ƙarfe ba. Duba ramukan shan iska, a da yawa daga na asali sun fi yawa a ɓangaren dama, saboda hagu shi ke fuskantar mashin abokin gaba, ba a son a raunana shi. Sai sulken wuya da ke rataye a gindinsa, wannan ba huda ƙarfe ake yi a saƙala zobba ba, ana ɗinke sulken a jikin fata, fatar a zura ta kan wasu ƙananan ƙusoshi masu huji da ke jere a gefen kwalkwalin, sannan a bi ta cikin hujin da igiya ko waya. Kuma sulken ya hau har haɓa ya kwanta a kafaɗa da shafi a ƙarƙashinsa, in ka ga yana reto a ƙasan wuya maƙogwaro a buɗe, wannan labule ne. Zobban ma ka tambaya, masu ƙusa ne ko waɗanda aka haɗe bakinsu kawai, na biyun sun fi araha amma ɓarewa suke da an ja.

Wani abu da ke burge ni, littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke cikin yaƙi a Kano. Wato daidai lokacin da mahayan Faransa ke rufe fuska da bakin karen nan, mahayan Kano su ma suna gwada nasu. Ba iri ɗaya ba ne, kar wani ya haɗa su, amma matsalar da suke magancewa ɗaya ce, kuma zan dawo kan lifidin nan don yana da amfani gare ka.

Ni dai nawa gwanin shi ne salet na Jamus, na rabin ƙarshe na ƙarni na 15, mai doguwar jela da ta gangara ta rufe ƙeya. Babu kwalkwalin da layinsa ya kai wannan daɗin kallo, daga goshi ya hau ya zagayo ya sauka ya miƙe baya a tafiya ɗaya, babu inda ido zai yi tuntuɓe. Kuma daidai wannan ne ya sa ya fi kowanne wuyar kwaikwaya, don ba shi da tarkacen ado da za a ɓoye kuskure a ciki. Na banza za ka gan shi da ƙoƙo zagayayye dunƙule, sannan jela kamar an liƙa ta daga baya, akwai kwana a inda suka haɗu. Na kirki ƙoƙon ya ɗan matse a gefe ya bi siffar kai, da ɗan ƙiri, wato layi mai tudu, a tsakiya daga gaba zuwa baya, kuma akwai ɗan ƙugu inda ƙoƙo ya ƙare kafin gindin ya buɗe. Iri biyu ne, akwai wanda aka yanka tsagar ido a jikinsa kai tsaye, in ba a cikin faɗa ake ba sai mutum ya tura shi baya ya zauna a ka kamar hula, akwai kuma mai rabin marufi da ake ɗagawa. Ka sani salet rabin fuska kawai yake rufewa, daga hanci zuwa sama, haɓa da wuya wani ƙarfe ne daban da ake ɗaurawa a ƙirji, kuma in za ka saya ka sayi biyun wurin maƙeri ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ko su riƙa karo ko a bar rata a tsakani da hannu zai shiga. In kana neman wanda za ka gwada ido da shi, nemi aikin Lorenz Helmschmied na Augsburg, wanda ya yi wa Maximilian, sarkin Jamus da Ostiriya, aiki, wasu kayan da ya ƙera suna Vienna, ko salet ɗin garin Coventry na wajen 1460. Akwai kuma na talakawan sojoji da ba a goge ba, an bar su baƙi da sawun guduma, wasu ma fenti aka yi musu, kuma in kuɗinka bai kai ba wannan hanya ce mai kyau, ka ce a yi maka baƙi, kuɗin gugar ya ragu, tsatsa ma ba ta saurin kama shi.

Barbuta ta Italiya ita ce zan ba wanda ke son abu mai kyau ba tare da ciwon kai ba. Ƙarni na 15 ita ma, ƙarfe ɗaya ne ya rufe kai da kumatu har wuya, an bar fuska a buɗe da siffar T ko Y, ta yi kama da kwalkwalin Girkawan da. Babu marufi, babu hinji, babu abin lalacewa. Da yawa suna ɗauke da tambarin maƙeran Milan, irin su gidan Missaglia, kuma a 1840 an tsinci tarin kayan yaƙi a tsohuwar ganuwar Chalcis da ke Girka, wadda Turkawan Usmaniyya suka ƙwace daga hannun mutanen Venis a 1470, wasu daga kayan suna Atina wasu suna New York. Abin dubawa a nan shi ne bayan wuya, ya shigo ciki ya bi ƙeya sannan ya ɗan buɗe a ƙasa, da kumatun da suka matso kusa da fuska. In gefenta ya sauko a miƙe sambal to bokiti aka yi maka. Sannan akwai wata barbuta mai marufin fuska da ta cika kasuwa, wasannin kwamfuta ne suka yayata ta, waɗanda ke gidajen tarihi galibi fuskarsu a buɗe take. In tana burge ka saya, amma ka san me ka saya.

Babban kwalkwalin nan mai rufe kai ruf, wanda ake dangantawa da 'yan yaƙin giciye, wato Turawan da suka yi yaƙin ƙwace Ƙudus, shi ya fi araha a kasuwa don faranti ne ake lanƙwasawa a buga ƙusa, amma na asalin da suka tsira kaɗan ne ƙwarai. Biyu da aka fi sani, na Sir Richard Pembridge wanda ya mutu a 1375, yana gidan tarihin Scotland a Edinburgh, da na ɗan sarkin Ingila da ake kira Baƙin Yarima, wanda ya mutu a 1376, yana babbar cocin Canterbury. Ka kalle su sosai, ba gangar ƙarfe ba ce, gaban yana da ƙiri, saman ya tsuke. Kuma ba a kan gashi ake ɗora shi ba, akwai hular shafi, sau da yawa har da ƙaramin kwalkwali a ciki, shi ya sa yake da girma. Wanda ba ya son giciye a ɗakinsa ya lura, na kasuwa galibi an manna musu ƙaton giciyen tagulla a fuska, kana iya cewa a bar maka shi babu, kuma ko a na asali akan samu ɗan rami mai siffar giciye a ƙasa, wurin saƙala sarƙa ne don kar ya faɗi ya ɓata.

Armet da rufaffen kwalkwalin ƙarni na 16 kuwa, shawarata kar su zama na farkonka. Armet kumatunsa biyu ne masu hinji da ke buɗewa su rufe a haɓa, ya kama kai tsam har wuya, kuskuren santimita ɗaya ya isa ya hana shi rufuwa ko ya danne maka hanci. Wannan sai ɗinkin awo wurin maƙeri na gaske, da kuɗi, da haƙurin jira na watanni. Haka kuma kayan ƙawa irin burgonet ɗin nan, wato kwalkwali mai buɗaɗɗiyar fuska, da Filippo Negroli na Milan ya yi a 1543, wanda ke New York, da aka tayar da surar 'yar ruwa kwance a samansa daga jikin ƙarfen da guduma, ko mai ƙahon rago da tabarau da Konrad Seusenhofer ya ƙera wajen 1512 zuwa 1514, kyautar Maximilian ga Sarki Henry na takwas na Ingila, yana Leeds. Waɗannan kallo ake yi a yi tasbihi a wuce. Duk wanda ya ce zai ba ka irinsu da araha to zubi ne ko roba mai fenti.

Moriyon shi ne mai sauƙi, hular ƙarfe mai tukku a sama da baki mai lanƙwasa gaba da baya, ta ƙarshen ƙarni na 16. Fuska a buɗe, iska na shiga, awo ba ya wahala, kuma ko a da an yi wasu da ɓari biyu aka haɗe a tukkun, don haka haɗi a nan ba abin kunya ba ne. Dogaran Paparoma 'yan Suwizalan har yanzu siffarsa suke sakawa, sai dai daga 2019 suka koma na roba da na'ura ke bugawa, don ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe. In rana a Rum ta sa su haka, ka yi tunanin ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Zinder kafin ka ce za ka wuni da ƙarfe a ka.

Masu ƙaho da ake cewa na Baikin ne, wato mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da, bar su. Na Baikin na gaske da aka tono a gonar Gjermundbu a Norway a 1943, na ƙarni na 10, ba shi da ƙaho, ƙoƙo ne da kariyar ido kamar tabarau. Na Sutton Hoo kuma, da aka tono a Ingila a 1939, na farkon ƙarni na 7, a farfashe aka same shi ɗaruruwan gutsattsari, sai da aka harhaɗa shi sau biyu kafin a yarda da siffar da yake da ita yanzu a British Museum, kwaikwayonsa na kirki aikin maƙerin azurfa ne ba na mai walda ba. Kuma kar ka manta ba Turawa kaɗai ke da zamanin nan ba, akwai kwalkwalin rawani na ƙarni na 15 daga Anatoliya da Iran, mai faɗin ciki da naɗe-naɗe kamar na rawani, da kariyar hanci mai zamewa sama da ƙasa, da rubutun Larabci na azurfa, da yawansu na ɗauke da tambarin rumbun makaman Usmaniyya na Istanbul. In za ka sayi kwaikwayonsa ka sa a turo maka hoton rubutun kusa ka karanta da kanka, wasu masu yi ba su iya Larabci ba zane kawai suke kwafa a karkace, in kuma akwai sunan Allah ko aya a jiki to ka san inda za ka ajiye shi.

To ka zaɓa, saura awo, kuma nan ne kuɗin mutane ke yawan salwanta. Samo tef ɗin tela, ka sa wani ya auna ka, kar ka yi da kanka a madubi. A zagaye kai ta saman gira da inda ƙeya ta fi tudu. A auna tsawo daga goshi zuwa ƙeya da faɗi daga saman kunne zuwa saman kunne, a miƙe ba a zagaye ba, littafi biyu ka tsayar a gefen kai a auna tsakaninsu da rula. A auna daga tsakar ka zuwa layin ido, daga tsakar ka zuwa ƙasan haɓa, in mai marufi ne har da tsinin hanci zuwa ƙeya. Mutum biyu na iya zama da zagaye ɗaya amma ɗaya kansa dogo ne ɗaya mai faɗi, kwalkwalin wannan ba zai shiga wancan ba, shi ya sa ƙarami, matsakaici, babba da ake rubutawa ba sa wadatarwa. Sai lissafin shafi, duk santimita ɗaya na kaurin shafi yana ƙara kusan santimita 6 a zagaye, wato mai kai 57 yana neman ciki kusan 63. Ka faɗa wa maƙerin a fili awon nan na kai tsura ne ko da hular shafi aka yi, kar shi ma ya ƙara nasa a kai ka wayi gari da kwalkwalin da ke juyawa.

Shafin ciki shi ne rabin kwalkwali, ƙarfe tsura a ka ba ya kare komai, bugun kawai yake miƙa wa ƙwaƙwalwa. Jerin ƙusoshin da kake gani a zagaye da na asali ba ado ba ne, fata suke riƙewa a ciki, a jikin fatar ake ɗinke shafin yadi mai cushe, saman shafin kuma da zare da ake tsukewa don a ɗaga kwalkwalin ko a sauke shi har tsagar ido ta zo daidai ido. A na araha ƙusoshin na nan amma ba sa riƙe komai, an manna soso da gam. Cire shi. Nan ne mu muka yi sa'a, masu ɗinka lifidi na 'yan hawan sallah suna nan a Kano da Katsina da Zazzau, aikinsu kenan tun kaka da kakanni, yadi biyu a cusa auduga ko audugar rimi a bi da ɗinki layi-layi. Kai masa kwalkwalin da hoton shafin asali, ka ce yadin auduga zalla kake so ba mai roba ba saboda gumi, a yi shi yadda za a iya farke shi a wanke. Maɗaurin haɓa kuma ka ba baduku, fatar sa mai kauri, da ƙusa za a kama ta ba gam ba.

In ya iso, kafin ka yi murna ka yi gwaji. Saka shi, ɗaure haɓa, girgiza kai hagu da dama, sunkuya kamar za ka ɗauki abu a ƙasa. Kada ya zame ya rufe ido, kada ƙarfe ya taɓa hanci ko haƙori in ka danna marufin da tafin hannu. Ɗaga marufi ka saki, ya tsaya inda ka bar shi, ba ya faɗo da kansa. Nauyi kuwa kar ya ruɗe ka, na fagen yaƙi da yawa tsakanin kilo 2 ne zuwa 3, masu nauyin gaske na gasar sukar mashi ne, don haka nauyi ba shaidar inganci ba ne, maƙeran da sukan bar kauri a gaba su rage a gefe da baya. Juya shi ka leƙa ciki da tocila. Yawancin na yanzu ɓari biyu ne aka yi wa walda a tsakiya aka goge, ba laifi in waldar ta kama ko'ina babu ƙananan ramuka, wanda aka tayar daga falle ɗaya da wuta da guduma shi ya fi daraja kuma kuɗinsa daban. Shafa yatsa a bakin gefuna, in akwai kaifi a bi da fayil. Tsagar ido kuma in ta yi faɗin da babban yatsa zai shige to ta yi yawa ga mai niyyar wasan duka, Sarkin Faransa Henri na biyu a 1559 tsagin karyayyen mashi ne ya shige masa ta marufi a wurin gasa, kwana goma ya yi ya mutu, kuma nasa kwalkwalin ba na kasuwa ba ne.

Dan Allah kar wani ya hau babur da shi, ba hular kwano ba ce, ba kuma ya tare harsashi.

Kan irin ƙarfe, baƙin ƙarfe na gama-gari ya fi araha, launinsa ya fi kusa da na asali, yana lotsewa yana tsatsa amma gyaransa da sauƙi. Wanda ba ya tsatsa hutu ne ga mutumin Legas ko Kumasi inda iska ke da laima, sai dai farinsa ya cika yawa, daga nesa za ka gane sabo ne. Ƙarfen sifirin da aka gasa aka tsoma a mai ko ruwa don ya yi tauri shi ne na masu wasan duka, siriri amma da taurin kai. In baƙin ƙarfe ka ɗauka to ka ɗauki aiki, duk inda yatsa ya taɓa in ba a goge ba bayan kwana biyu za ka ga sawunsa ya yi ja. Goge da tsumma busasshe, shafa man keken ɗinki kaɗan, kaɗan fa, ko kakin da ake kira Renaissance Wax in ka samu, shi ya fi don ƙura ba ta manne masa, wanda da hunturu za ka gode wa Allah, mai da ƙurar hunturu in suka haɗu dauɗa suke zama. Da damina ka riƙa dubawa duk mako, kar ka ƙulle shi a leda, kar ka ajiye a ƙasan siminti. In tsatsa ta fito, soson ƙarfe mai laushi da ɗan mai, a bi hanya ɗaya, kar ka kai wa mai giranda ya cinye maka layin da ka biya kuɗi dominsa. Fatar ciki takan bushe ta tsage da hunturu, ɗan man kaɗe a yatsa ya isa. Bayan kowace sakawa fitar da shafin ya sha iska, gishirin gumi ta ciki yake cin ƙarfe inda ba ka gani.

Kafin ka yi oda daga waje, yawanci Indiya ce ke yin na araha, maƙeran awo kuma sun fi yawa a Yukiren da Poland da Czech, ka tambayi kuɗin jigila tun farko don wani lokaci yana kamo kuɗin kayan, ka kuma tambayi mai fito da kaya yadda kwastam ke ɗaukar irin wannan. Ka nemi hoton ainihin wanda za a turo maka, gaba da gefe da ciki, ba hoton talla ba, kuma in aikin awo ne ka biya rabi, sauran sai ka ga hoton aiki.

Wanda kuma aka zo masa da maganar wai ga na asali na ƙarni na 14 ana sayarwa da sauƙi, ya riƙe aljihunsa. Tun a ƙarni na 19 wani dillali a Landan, Samuel Pratt, ya cika gidajen manyan Ingila da jabun kwalkwali da aka ƙera masa aka tsufar da su, masu kuɗi da ilimi suka saya suna alfahari, sai daga baya aka gano. Na asali yana zuwa ne da takardun hannun da ya bi, ta gidajen gwanjo da aka sani, kuma basinet na gaske guda ɗaya kuɗinsa na iya fin na gida. Tsatsa da ramuka ba shaida ba ce, a binne sabon ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa damina ɗaya zai fito da su.